Ɓoye Sawu a Garin da Kowa Ya San Kakanka

Ran nan wani saurayi ya tsaya a gaban teburina yana kallon yadda nake saka wa wata mata manhaja a waya. Ya ce, “Injiniya, ai wannan ba aiki ba ne. Danna nan, danna can, shi ke nan.” Na ci gaba da aikina. Irinsa sun yi yawa yanzu, kowa da waya a hannu, kowa malami. Don su nake wannan rubutu, in sun ga dama su karanta. Ni a aji uku na tsaya a sakandare, saboda haka kada wani ya nemi Hausar littafi a wurina.

Sunana Iro. Teburina yana bakin wani lungu a cikin birnin Zariya, ƙarƙashin rumfar kwano. Gyaran waya nake yi, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne ɓoye sawu, wato saka wa mutum abin da zai shiga intanet ba a ga daga inda ya fito ba, ba a ga inda ya nufa ba. Samari suna ce masa VPN. Tsofaffi suna cewa “ɗan makullin nan”, saboda hoton makulli da ke fitowa a saman waya in an kunna shi. Yadda nake bayaninsa ga mutanen birni shi ne: kamar ka shiga gidan wani ta zaure ka fita ta ƙofar baya ka faɗa wani lungu. Mai zaune a bakin hanya ya ga ka shiga, bai san inda ka ɓulla ba. Wanda ka je wurinsa kuma ya ɗauka daga wancan gidan kake. Amma mai gidan da ka ratsa ya ga fuskarka sarai. In mutumin banza ne, ka kai kanka.

Rediyo na fara gyarawa, a wurin Malam Tanimu, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe ina share shago da hura gawayi don ƙarfen narka dalma kafin ya yarda in riƙe sukudireba. Wata rana aka kawo rediyon wani dattijo, na gyara, na murɗa allurar zuwa tashar waƙa na bar ta a can. Malam Tanimu ya ɗauke ni da mari. Ya ce inda allura ta tsaya yana nuna abin da mai gida ke saurare, kuma wannan ba ruwana ba ne, in mayar da ita inda na same ta, in manta na gani. A wurinsa na koyi riƙe baki. Sauran duk na tsinta a hanya ne.

Farkon ganina da ɗan makulli a unguwar Wusasa ne, a shagon intanet na wani Mista Bitrus, inda na yi aikin gadin kwamfutoci bayan sana'ar gyaran rediyo ta mutu. Wata malamar jinya da ta dawo daga aiki a ƙasar waje ta zauna tana magana da ƙawarta da ke can. Na tambaye ta me take kunnawa kafin ta kira. Ta ce a ƙasar da ƙawar take an toshe irin wannan kira, duk baƙon da ya sauka, kafin a nuna masa kasuwa sai an saka masa wannan a waya. Ita ma wata 'yar Filifin da suke ɗaki ɗaya ce ta saka mata. Ta nuna mini sau ɗaya, na riƙe.

Daga baya na gane ko'ina haka abin yake. Akwai wani dandali da masu irin sana'ata ke haɗuwa a intanet, daga ƙasashe da yawa. Turancina gurgu ne, nasu ma haka, amma muna fahimtar juna. Labarin ɗaya ne. Ba wanda ke zama ya koyi ɓoye sawu don sha'awa. Ranar da aka rufe masa ƙofa yake nema, kuma ba ya karanta bayani, wurin wanda ya yarda da shi yake zuwa ya ce, “Turo mini irin naka.” Ɗan kasuwa mai zuwa Sin sayo kaya yana zuwa wurina kafin ya je filin jirgi, domin wanda ya riga shi zuwa ya gaya masa in bai saka tun daga gida ba, iyalinsa ba za su ji shi ba. Mai kallon ƙwallo yana koya daga mai kallon ƙwallo. Hannu da hannu abin ke tafiya, kamar maganin basir.

Shekarar da aka toshe wani babban dandalin sada zumunta a ƙasar nan, ita ce shekarar da na ga layi a gaban teburina har ya tare lungu. Mutanen da ba su taɓa shiga dandalin ba ma sun zo, don sun ji an hana. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta dawo washegari tana faɗa.

“Injiniya, me ka yi wa wayata? Tun jiya wasu Turawa ke tallar cuku a ciki, da wani yare kamar ana kurkure baki.”

“Hajiya, wayar ta ɗauka kina Holan ne.”

“Ni? Ko Kaduna bana ban je ba. Dawo da ni gida.”

Na nuna mata inda za ta kashe. Ta tafi tana cewa a bar ta da Holan ɗin, wai ko ba komai ta taka ƙasar waje.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummuna. Aka buɗe dandalin, layi ya watse. Waɗanda na koya wa suka zama malamai, kowa yana saka wa ɗan'uwansa na kyauta da ya tsinto, irin wanda ba a san mai shi ba. In waya ta fara zafi, ko banki ya rufe wa mutum asusu don ya ga kamar daga wata ƙasa ake shiga, sai a ce ai Iro ne ya kawo wannan abu cikin gari. Wani mai wa'azi ya ce ba mai ɓuya sai mai laifi, kuma duk wanda ke wurin ya san da wa yake. Aka daina zama a bencina. Na koma canza gilashin waya da goge datti da burushi.

A cikin wannan shekara Sadisu ya zo. Mutumin unguwar Limancin Kona ne, ɗan gidan malamai, mai sanyin magana. Yana riƙe da makullin siton wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Mamuda, mai sarin kayan gwangwani da madara. Alhajin kawun matarsa ne, shi ya ba shi aiki, shi ya ba shi gidan da yake ciki. Baba yake ce masa. Ya zo da hantsi, ya zauna, ya bari sai da wani mai sayen caja ya tafi.

“Malam Iro, in mutum yana son ya faɗi magana jama'a su ji, amma kada a san shi ne, zai yiwu?”

“Wace irin magana? In ta zagin wani ce ko ta mata, tashi ka ba ni wuri.”

Ya ce madarar gari ce ta yara. Lokacinta ya wuce a sito, ana goge kwanan watan da ke gindin gwangwani ana buga sabo, ana kaiwa ƙananan shaguna. Da idonsa ya gani, da makullinsa ake buɗe ɗakin. In ya yi shiru yara na sha. In aka san shi ya faɗa, ba aiki, ba gida, kuma bai san abin da zai faru da aurensa ba.

To ku masu cewa danna nan danna can, ku saurara. Da ɗan makulli kawai na saka masa a wayarsa, da kafin la'asar an kama shi. Layin wayarsa da sunansa aka yi rajista. Shafinsa na dandali da hotonsa da na 'ya'yansa. Wayar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai, matarsa na kira da ita, ƙanensa na ɗauka, ana barinta a caji a shagon mai shayi. A birni waya kamar buta take, kowa na ɗauka. Ba amfani ka rufe fuska ka fito da rigar da kowa ya san ka da ita.

Na ɗauko wata tsohuwar waya daga cikin tarkacena, na wanke ta tas, ban saka mata layi ba. Na saka mata manhajar da muke ce wa mai albasa, wadda ke bi da mutum ta gidaje da dama, kowane mai gida bai san na gabansa da na bayansa duka ba. Tana da nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, amma ita ce ta irin wannan aiki. Na ce ba zai kunna wayar a gida ba, ba zai kunna ta a sito ba. Ya fita bayan ganuwa, ya sami wurin da ake sayar da intanet ga kowa, ya zauna cikin mutane. Sabon shafi, sunan da bai haɗa komai da shi ba, kada ya nemi abota da kowa da ya sani, ko da wasa.

Sai hoto. Ya nuna mini wanda ya ɗauka, na ce ya goge. An ga tagar ɗakin, an ga inuwar hularsa a bango, kuma daga inda aka tsaya aka ɗauka, mai makulli ne kawai ke tsayawa a nan. Na ce ya je shago kamar kowa, ya sayi gwangwani ɗaya, ya ɗauki gindinsa a kan farar takarda, inda shatin tsohon rubutu ke nan a ƙarƙashin sabo. Abin da kowane mai saye zai iya gani da kansa, shi za a nuna. Na cire bayanan da waya ke liƙa wa hoto a ɓoye, na lokaci da na wuri. Na ce ya rubuta gajere, kada ya kira sunan kowa, ya faɗi irin gwangwanin da yadda za a duba.

“Ka gaya wa matarka?”

“A'a.”

“Abokinka? Malaminka?”

“Ba wanda na gaya wa zan yi wannan.”

Ya yi yadda na ce, bai kauce ba ko kaɗan. Ban taɓa samun mai bin umarni kamarsa ba. Maganar ta fita, ta yi yawo daga waya zuwa waya, har ni aka turo mini sau da yawa. Mata suka fara juya gwangwani a shago suna kankare gindinsa da farce. Masu shaguna suka fara mayar da kaya. Ba a kira sunan Alhaji ba, amma masu shaguna sun san inda suka saro.

Aka kwana biyu, sai ga babban ɗan Alhaji a teburina, ya ce mahaifinsa na kira. Na rufe akwatin kayan aiki na bi shi. A zauren gidan na tarar da ma'aikatan sito duka a zaune a kan tabarma, direbobi, masu lodi, mai gadi, da Sadisu a gefe. Akwai Malam Haruna, limamin masallacin unguwar. Alhaji yana kan kujera.

“Injiniya, an ce kai ne malamin ɓoye-ɓoye a garin nan.”

“Haka suke faɗa, Alhaji.”

“To wanda ya iya ɗauri ya iya kwance. Wannan abu daga cikin gidana ya fito. Ga wayoyinsu nan, duba mini.”

Na ce ba na buɗe wayar mutum sai ya miƙo da hannunsa. Kowa ya miƙo. Na sami ɗan makulli a wayar wani direba, Ado, nan take ya zabura.

“Wallahi Alhaji ƙwallo nake kallo da shi! Injiniya, faɗa masa! Ni ko sunana da ƙyar nake rubutawa.”

“Ƙwallo ne,” na ce. “Kuma kulob ɗinsa ba ya cin wasa.”

Wasu suka yi dariya, suka ga fuskar Alhaji, suka haɗiye. Wayar Sadisu na duba kamar ta kowa. Karatu ne a ciki, da hotunan suna, da lambobin dillalai. Na ce ba komai a duk wayoyin.

“Kai ka san wanda ya yi?”

“Alhaji, abin da ke cikin waya aka kira ni in duba, na duba.”

Sai ya yi murmushi ya ce, “Ka iya bakinka. Zauna ka ga irin namu aikin.” Ya sa aka kawo butoci, aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka aka ajiye a gaban liman. Ya ce kowa ya yi alwala ya zo ya dafa, ya rantse ba shi ya fitar da maganar ba, bai kuma sa an fitar ba.

Malam Haruna ya ce, “Alhaji, rantsuwa ba abin wasa ba ce. A bi ta wata hanya.”

“Malam, mai gaskiya me zai ji tsoro?”

Ado ne ya fara, har yana tuntuɓe don sauri. Masu lodi suka bi, mai gadi ya bi. Ni ina zaune ina lissafin aikina, ina neman inda na bar ƙofa a buɗe, ban samu ba. Ba layi, ba suna, ba inuwa a hoto. Duk ƙasashen da maganar ta ratsa kafin ta dawo Zariya, ba mai iya bin sawunta. Sadisu ya fita ya yi alwala kamar kowa. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa a gaban liman, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Bai miƙa su ba.

“Baba, ba sai an kai ga haka ba. Ni ne.”

Alhaji ya ce, “Sadisu. Na ba ka 'ya, na ba ka ɗaki, na ba ka makulli. Abin da ya rage ka tona mini asiri a duniya?”

“Ban kira sunanka ba, Baba.”

“Da ba ka da baki ne da za ka zo ka same ni?”

“Na zo. A nan zauren na same ka bayan sallar asuba, na ce yara ne ke sha. Ka ce in kula da makullina.”

Wannan ne bai gaya mini ba, kuma da na tambaye shi daga baya, ya ce ai ban tambaya ba. A gidansu haka aka koya musu, ba a fallasa babba sai an yi masa nasiha a keɓe tukuna. Wato tun kafin ya zo teburina ya riga ya kai kansa. Alhaji ya san ko wane ne tun ranar farko. Ni da wayoyi da butoci duk don a yi a gaban shaidu ne.

Alhaji ya miƙa hannu, Sadisu ya ciro makullan daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Aka ce ya bar gidan kafin sabon wata. Liman ya mayar da Littafi cikin gafaka, ya tashi ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An kwashe sauran gwangwanayen daga sito, ba a sake ganinsu a shaguna ba. Alhaji yana nan yana kasuwancinsa, yana sahun gaba a masallaci. Matar Sadisu ta zauna a gidan iyayenta na wani lokaci, daga baya ta bi mijinta, dangi suka daina zuwa mata suna da biki. A cikin birni ba wanda ya ƙara ba shi makulli. Ba wanda ya ce ƙarya ya yi. Cewa ake yi ya fitar da maganar gida waje, kuma gobe taka zai fitar. Ya kama haya a bayan ganuwa, ya karɓi keke mai ƙafa uku yana haya da shi.

Saboda haka in mutum ya zo yau ya ce in ɓoye masa sawu, ba na taɓa wayarsa sai na yi masa tambayoyi. Daga wa kake ɓuya? Mutum nawa suka san abin da ka sani? Wa ka riga ka yi wa maganar, ko da a matsayin shawara? In aka tara ku aka ce ku dafa, me za ka yi? Waɗanda suka ƙera manhajar nan a ƙasashensu sun yi tunanin gwamnati da kamfani da ɓarawo. Ba su yi tunanin zaure ba, inda masu laifi da marasa laifi duk ba su wuce cikin tabarma ɗaya ba. Wasu in na yi musu tambayoyin sai su ɗauki wayarsu su tafi wurin yaran da ke danna nan danna can. Su je.

Bayan damina Sadisu ya tsaya da kekensa a bakin lungu, gilashin wayarsa ya fashe. Ya rame, ya yi baƙi. Ina cikin ɓamɓare gilashin na ce masa, “Da ka ce ba ka da lafiya ran nan. Da ka yi tafiya. Ko ka ce kai ba ka rantsuwa a kan abin duniya, ai ɗan malamai ne kai, da an bar ka.”

“Da an bar ni, da Ado za a kora. Shi aka samu da ɗan makulli a waya.”

“To aikin da na yi maka, me ya amfana? Wahalar banza.”

“A'a, Malam Iro. Da da sunana na fito, da kafin azahar an zo an sa ni na goge, an ce haukan ɗan gida ne, a rufa asiri. Da ba suna, ba wanda za a je a roƙa. Kafin a tara mu a zaure, magana ta riga ta shiga kowane gida. Iyakar abin da nake nema ke nan.”

Na liƙa sabon gilashi, na goge da tsumma na miƙa masa. Wata mata da goyo ta tsaya a jikin keken tana leƙe, ta ce, “Mai keke, Wusasa?”

Ya ce, “Hau, Hajiya.”